Yadda ake zuwa karatu Indiya, daga neman makaranta har dawowa gida da takardun da za su yi maka amfani

Ƙannena masu shirin tafiya Indiya karatu, maza da mata, da iyayen da za su sayar da fili ko shanu su biya kuɗin, ku bani aron hankalinku. Indiya ƙasar takarda ce. Yawancin yaranmu da suka shiga matsala a can kansu yana ja, karatun bai gagare su ba, abin da ya kayar da su shi ne wata takarda da basu karɓa ba ko wata rana da suka bari ta wuce, kuma ejan ɗin da ya karɓi kuɗinsu tun daga filin jirgi wayarsa ta daina shiga. Don haka duk abin da zan jero anan ka yi shi da hannunka, ko da akwai mai taimaka maka to ka tsaya a kai kaga komai da idonka.

Da farko, makaranta

Kar ka fara da tambayar "nawa ne kuɗin", ka fara da tambayar waye ya san makarantar nan. Akwai hukumar da ake kira UGC, ita ce ke kula da jami'o'in Indiya tun 1956, a shafinta akwai sunayen jami'o'in da gwamnati ta yarda da su kuma akwai wani jeri daban na jami'o'in bogi da take fitarwa lokaci zuwa lokaci. Ka shiga ka nemi sunan makarantar harafi da harafi, saboda masu damfara suna ɗauko suna mai kama da na babbar jami'a su canza kalma ɗaya kawai. In ka ganta a jerin halal sai ka duba makin da NAAC, hukumar da ke auna ingancin makarantu, ta bata, mafi girma shi ne A++ sai A+ sai A haka har ƙasa, sannan ka leƙa jerin NIRF na matsayin makarantu wanda ma'aikatar ilimin Indiya ke fitarwa duk shekara tun 2016. Makarantar da babu ita a ko ɗaya cikin waɗannan amma hotunan gininta sun cika Facebook, ka yi hattara da ita.

Bayan jami'ar, shi kansa kwas ɗin yana da masu kula da shi. Injiniyanci da gudanarwa na ƙarƙashin AICTE, haɗa magunguna PCI, aikin jinya INC, likitanci kuma NMC wadda ta maye gurbin tsohuwar MCI a 2020. Jami'a na iya zama ta gaskiya amma sashen jinyarta bashi da izini, kai kuma sai bayan shekara 4 zaka sani, lokacin da ka dawo gida aka ce takardarka bata da gindi. Mai son likitanci kuma ya sani MBBS a Indiya shekara 5 da rabi ne har da shekarar koyon aiki, kuma ko ɗan ƙasar waje ne sai ya ci NEET, jarabawar shiga karatun likitanci. Duk wanda yace maka zai sama maka MBBS a Indiya ba NEET to ka riƙe kuɗinka ka gaishe shi ka wuce.

Jami'o'in nasu kala kala ne. Akwai na gwamnatin tarayya irinsu Jami'ar Delhi, Jamia Millia Islamia, Aligarh Muslim University da Banaras Hindu University, akwai na jihohi irinsu Osmania a Hyderabad da Anna University a Chennai da ta Pune, sai masu zaman kansu waɗanda su ne ƴan Najeriya suka fi cika, irinsu Sharda a Greater Noida, SRM a Chennai, Lovely Professional University a Punjab, Integral a Lucknow, Mewar a Rajasthan. Ni a ganina in kana da haƙurin bin layi da jiran amsa ka gwada na gwamnati tukuna, sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba kuma sunansu ya fi nauyi, sai dai ba mai lallashinka, imel ɗinka zai iya sati biyu ba amsa. Masu zaman kansu kuwa yau ka cike fom gobe an kira ka a WhatsApp, wannan saurin ba laifi bane amma ka tuna kasuwa suke yi.

Wani abu da ake mantawa, BSc da BA da BCom na Indiya yawanci shekara 3 ne, B.Tech da B.Pharm shekara 4, kuma tsarin iliminsu na 2020 ya kawo digiri mai shekara 4 a jami'o'i da dama. In kana da niyyar yin mastas a wata ƙasar daga baya, ka tambaya ko akwai zaɓin shekara ta huɗu.

Kuɗi da tallafi

Tallafin gwamnatin Indiya na gaske shi ne na ICCR, hukumar da Maulana Abul Kalam Azad ya kafa a 1950, tana da kaso na ɗaliban Afirka, tana biyan kuɗin makaranta tana ba da alawus na wata wata. Ana nema ta shafinsu mai suna A2A, yawanci a watannin farkon shekara ake buɗewa, zaka zaɓi jami'o'i ka ɗora takardunka, ofishin jakadancin Indiya na ƙasarka ne ke bin sauran. Kyauta ake cikewa, ba a sayar da gurbi, kuma bata ɗaukar MBBS.

Shi kuma "sikolashif kashi 50" da makarantu masu zaman kansu ke talla, ragin farashi ne kawai, kuma sau da yawa a kan kuɗin karatu kaɗai yake, banda hostel, banda abinci, banda kuɗin jarabawa, banda na rajista. Ka sa su rubuto maka jimillar abin da zaka biya kowace shekara har ka gama, a takarda mai hatimi, ka kuma tambaya ko ragin zai ci gaba in makinka ya sauka, domin wasu suna ɗaure shi da sharaɗin maki. Sannan ka koyi lissafinsu tun yanzu: lakh 1 rupee 100,000 ne, crore 1 miliyan 10 ne, kuma waƙafinsu ma daban yake, lakh ɗaya 1,00,000 suke rubuta shi.

Ka sa a ranka cewa bizar ɗalibi a Indiya bata ba da damar aiki. Babu zancen "in naje zan dinga ɗan aiki ina biyan haya" kamar yadda ake ji daga Ingila ko Kanada, duk abin da zaka ci daga gida zai zo, kuma naira na iya faɗuwa tsakiyar shekara rupee ta yi maka tsada, to Baba ya yi lissafi da rara ba ƙarfa ƙarfa ba. Kuɗin makaranta a tura shi kai tsaye asusun jami'ar wanda ke rubuce a takardar admishan, ta banki, ka tambayi bankinka zancen Form A, fom ɗin neman kuɗin waje don biyan makaranta, in a Najeriya kake, ka ajiye shaidar turawa. Kar a tura asusun mutum ko waye shi ko da ɗan garinku ne.

Neman admishan

Shekarar karatu a can tana farawa ne wajen Yuli zuwa Agusta, to tun Janairu ko Fabrairu ya kamata ka fara motsi. Abin da zaka tanada: fasfo wanda ya rage masa lokaci mai tsawo, sakamakon WAEC ko NECO, in mastas ne satifiket na digiri da tiranskirif, hotuna masu farin baya, takardar haihuwa. Ƴan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru masu BAC da Faransanci sai an fassara takardun zuwa Turanci wajen mai fassara da hukuma ta sani. Wasu jami'o'in, musamman na gwamnati, za su nemi takardar daidaita shaida, wato su tabbatar takardarka daidai take da ajinsu na 12 ko digirinsu. Mai HND ya tambaya a rubuce tun kafin ya biya ko sisi ko za a karɓe shi mastas.

Sunanka ya zama iri ɗaya a ko'ina. Wannan matsalar tamu ce sosai, fasfo Muhammad, WAEC Mohammed, takardar haihuwa Muhammadu, a gida ba wanda ya damu amma ma'aikacin Indiya zai ajiye fayil ɗinka gefe akan harafi ɗaya. Ka gyara ko ka yi takardar rantsuwa a kotu tun kana gida.

Sai ka yi rajista a shafin Study in India na gwamnatinsu ka karɓi lambarka ta SII, tun 2023 suka mayar da ita dole ga ɗaliban waje kuma za a tambaye ka ita wajen biza. In takardar admishan ta zo, ka tura imel zuwa ofishin ɗaliban waje na jami'ar ta adireshin da ke shafinsu na asali ka tambaya "wannan takardar daga wajenku take?", minti biyar ne amma ya ceci mutane da yawa.

Rigakafi da biza

Allurar shawara dole ce, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, kuma sai ta kwana 10 a jikinka kafin ta fara aiki a idon hukuma. Wanda ya sauka ba shi ana iya killace shi har kwana 6 a filin jirgi. Indiya ta kuma saba neman shaidar ɗigon foliyo daga matafiyan Najeriya, wanda ake so a yi sati 4 kafin tafiya, to ka je ofishin lafiya na filin jirgi ko na tashar shiga ƙasa ka yi duka biyun lokaci guda da wuri. Kar ka sayi kati a bakin hanya ba tare da allurar ba.

Fom ɗin biza a intanet ake cikewa sai ka buga shi ka kai ofishin jakadancin Indiya, a Najeriya akwai Abuja da Legas, a Nijar akwai Yamai, a Gana akwai Akara. Ka tafi da takardar admishan ta asali, shaidar biyan kuɗi, bayanan asusun wanda zai ɗauki nauyinka da wasiƙarsa, takardun makaranta, katin rigakafi. In sun tambaye ka me zaka karanta, a wane gari, waye zai biya, ka iya amsawa da bakinka ba sai ka leƙa takarda ba. Ka tabbata bizar ɗalibi aka buga maka. Wanda yace ka shiga da bizar yawon buɗe ido ko ta asibiti wai a can za a juya maka ita, rami yake haƙa maka. In fasfo ya dawo ka karanta bizar da kyau, sunan makarantar da ranar ƙarewa, ka rubuta ranar nan a wuri uku.

Kayan tafiya

Daga Kano ko Abuja ko Legas mutane sun fi bin Ethiopian ta Addis Ababa ko Qatar Airways ta Doha. Ka sauka garin da ya fi kusa da makarantarka, Indiya faɗi gareta, daga Delhi zuwa Chennai a jirgin ƙasa ya fi kwana guda. Takardunka na asali a jakar hannu, kar su shiga babbar jaka, da kwafi kamar goma goma na fasfo da biza da admishan, da hotuna masu yawa don wallahi kowane ofishi sai ya nemi hoto. Ka ɗauki komai a waya ka tura wa kanka a imel.

Tufafi kar ka cika, a can sun fi araha. Abin da zaka cika jaka da shi kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, a ɗaure su sosai a leda biyu. Ka riƙe ƴan daloli na kashewar satin farko, da adafta don soket ɗinsu mai zagayayyen baki ne namu mai faɗi baya shiga. Kuma dan Allah kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko tsohuwa ce ta roƙe ka da kuka, in baka buɗe ka ga abin da ke ciki ba bar shi.

Kwana 14 na farko

Nan ne wajen da nake so ka fi natsuwa. Duk baƙon da bizarsa ta wuce kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin kula da baƙi, FRRO, cikin kwana 14 da saukarsa. Daga ranar da aka buga maka hatimi a filin jirgi ake ƙirgawa, ba daga ranar da aka fara lakca ba, har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, su kuma hutunsu yawa garesu. Ga yadda ake yi.

Washegarin saukarka ka je ofishin ɗaliban waje na makarantarku da fasfo, su za su shigar da kai tsarin gwamnati su cike abin da ake kira Form S su baka lambar FSIS, wato lambarka a tsarin, su kuma baka bonafide, wato takardar shaidar cewa kai ɗalibinsu ne na gaskiya. Sai masauki: duk inda baƙo ya kwana, otal ne ko hostel ko gidan haya, mai wurin dole ya cike Form C a intanet ya baka kwafi. In a hostel kake wadan, wato mai kula da hostel ɗin, zai yi, in haya ce sai mai gida, kuma anan ake samun cikas saboda wasu masu gidan basu taɓa yi ba ko basa son sunansu ya je wajen hukuma. Da waɗannan a hannu sai ka buɗe akawun a shafin e-FRRO, ka ɗora hoto da shafin fasfo da shafin biza da hatimin shigowa da bonafide da Form C, a ƙananan fayil don shafin baya karɓar masu nauyi. Daga nan ka dinga duba imel kullum, in sun ga gyara ta nan za su faɗa, wani lokacin su kira ka ofis, wani lokacin ɗan sanda ya zo har gida ya tabbatar kana nan. In komai ya yi sai su turo maka takardar izinin zama. Ka buga ta ka yi mata leda, ita ce ranka a ƙasar nan, banki zai nema, mai gida zai nema, filin jirgi za su nema ranar fita, har a gida ma in ka dawo za a nema.

Na ga yaron da ya zauna ɗakin abokinsa wata guda yana jiran a bashi hostel, ba Form C ba rajista, yana ganin ai ba komai tunda yana zuwa aji, ƙarshe sai da ya biya tara ya yi ta sintiri ofis yana rubuta wasiƙar ban haƙuri alhali ƴan ajinsu suna jarabawar gwaji. In ka canza gida sai sabon Form C da sanar da FRRO. In zaka canza makaranta ko kwas sai da izininsu da takardar sallama daga makarantar farko, ba a tashi kawai a koma.

Layin waya da banki

Layi ka je babban shagon Airtel ko Jio ko Vi da fasfo da biza da hoto da shaidar masauki, ka yi shi da sunanka. Layin da wani ya baka da sunan wani ka guje shi, duk abin da aka taɓa aikatawa da shi kai za a tambaya. Layin baƙo yakan mutu tare da bizarsa, in ka sabunta biza ka kai musu kwafi.

Banki kuma mafi sauƙi shi ne reshen da ke cikin makaranta ko wanda makarantar ke hulɗa da shi, SBI ne ko HDFC ko ICICI ko Axis, sun saba da ɗaliban waje. Da ka samu akawun ka haɗa shi da layinka ka kunna UPI ta Google Pay ko PhonePe ko Paytm, daga nan rayuwa ta yi sauƙi, don mai shayi da mai kayan miya da mai adaidaita duk suna da ɗan hoton nan da ake ɗauka da waya a biya. Kar ka ba kowa aron akawun ɗinka a turo kuɗi ta ciki ko da zai baka kaso, da yawa daga asusun da ake rufewa ta haka ne, kuma mai sunan ake kamawa. Katin Aadhaar, wato katin shaida na Indiya, baƙo na iya nema in ya cika kwana 182 a ƙasar cikin shekara guda.

Masauki

Shawarata shekarar farko ka zauna hostel, ko semesta ɗaya ce. Akwai dokar lokacin rufe ƙofa, abincin ba lallai ya maka ba, amma takardunka za su tafi daidai kuma zaka san gari. Bayan nan in zaka fita akwai abin da suke kira PG, ɗaki a gidan wani ko ginin ɗalibai har da abinci, akwai kuma haya sosai ku haɗu biyu ko uku. Yarjejeniyar haya yawanci ta wata 11 ce, dillali na karɓar kusan hayar wata guda, akwai kuɗin ajiya da ake mayarwa in zaka tashi, a Bangalore yakan kai na watanni da yawa. Tambayar farko ga mai gida kafin zancen kuɗi: zaka cike min Form C? In ya fara kame kame ka nemi wani. Ranar shiga ka ɗauki bidiyon ɗakin da mitar wuta, zai maka amfani ranar karɓar ajiyarka.

Yanayi ya danganta da inda kake. Delhi da kewayenta a Mayu da Yuni zafi na kai digiri 45, a Disamba da Janairu kuma sanyi ya sauko ƙasa da 10 ga hazo, a Nuwamba iska ta gurɓace sosai, mai asma ya yi tunani kafin ya zaɓi yankin. Bangalore da Pune sun fi sassauci, Chennai zafi da gumi. Damina daga Yuni zuwa Satumba, lokacin zazzaɓin dengi ne, gidan sauro da maganin shafawa, kuma in zazzaɓi ya kama ka a gwada jini kafin ka hau shan maganin maleriya. Ruwan famfo kar ka sha sai an tace.

Ciki da sallah

Satin farko abinci zai baka wahala, yaji da kayan ƙamshi da wake wake iri iri da suke kira dal, kuma kicin ɗin makarantu da yawa ba nama sam. A jikin kayan leda koren tambari na nufin ba nama a ciki, mai ruwan ƙasa akwai. Amma in ka san sunayen abubuwa zaka ci tuwonka lafiya lau. Gero shi ne bajra, dawa jowar, kuɓewa bhindi, tsamiya imli, wake mai baƙin ido lobia, gyaɗa mungfali, suji kuma shi zaka tuƙa ya zama kamar tuwon semo, garin shinkafa ma akwai a kowane shago. Wanda ke Hyderabad ya shiga kasuwar kayan miya da safe ya nemi gongura, zai ga an ɗaure ta dami dami da jan kara da ganye mai yatsu, yakuwa ce tsaf, ka tsinke ka wanke ka haɗa da gyaɗa markaɗaɗɗa da ɗan daddawar da ka taho da ita. Zogale ma akwai shi sosai a kudu.

Nama ka saya a unguwar musulmi ko shagon da aka rubuta halal, don akwai wani yankan da ake kira jhatka wanda ba namu bane. Naman saniya haramun ne a dokar jihohi da yawa kuma abu ne da ake rasa rai a kansa, abin da ake samu na ɓauna ne, Kerala na cikin wuraren da ba a hana ba. Kar ka yi wasa da wannan, kar ka shigo da kilishi kana nuna wa mutane, kar ka yi gardamarsa da kowa.

Masallatai akwai ko'ina, akasarinsu Hanafiyya ne, zaka ga la'asar ɗinsu tana yin latti fiye da yadda ka saba kuma wuturi raka'a uku a haɗe, ka bi liman kawai. Ƙannena mata, masallatan unguwa da yawa musamman a arewa basu da sashen mata, sai ki tambaya. Juma'a ranar karatu ce, ka yi wa malamin da ke da darasin lokacin bayani tun farkon semesta cikin ladabi. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 4 da rabi, ka faɗa wa Hajiya don kar ta dinga kira kana tsakiyar barci.

Cikin aji

Halartar aji kashi 75 cikin 100, wannan da gaske suke, in ka gaza ana iya hana ka zama jarabawa, kuma rahoton zuwanka aji yana shiga takardar da za a sabunta maka biza da ita. Maki kashi biyu ne, na cikin aji wato gwaji da asaimen da aikin lab, da na babbar jarabawa, CGPA kuma akan 10 ake lissafa shi. Kwas ɗin da ka faɗi suna ce masa backlog, a kudu arrear, ka share shi da wuri kar su taru su ja maka ƙarin shekara biza kuma ta ƙare.

Turancinsu zai maka sauri wata na farko, naka ma zai musu wani iri, kuma malami na iya zarcewa da Hindi tsakiyar darasi ya manta da kai. Ka zauna gaba, ka ɗaga hannu ka ce Sir ko Ma'am a maimaita da Turanci, yawancinsu za su yi. Ɗan Hindin da muka tsinta a finafinai yana taimakawa a Delhi da Lucknow da Jaipur, amma a Chennai Tamil ake yi, Hyderabad Telugu da Urdu, Bangalore Kannada, Kerala Malayalam. Ka yi aboki ɗan ƙasa ko ɗaya ne a ajinku, shi zai sa ka a gurup ɗin da ake raba tsofaffin tambayoyi, shi zai gaya maka an ɗage jarabawa.

Zama da mutane

Ba zan ɓoye maka ba akwai wariyar fata. Za a kalle ka a titi, wani ya ɗauke ka hoto ba izini, wani mai gida yace baya ba ɗan Afirka haya. A Maris 2017 gungun mutane sun far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida har cikin wani babban kanti bayan wata jita jita, an kwantar da wasu a asibiti. Akwai kuma mutanen kirki da yawa waɗanda za su kai ka gidansu biki su ciyar da kai kamar ɗansu. Abin da ke hannunka shi ne ka rage yawon dare, ka kauce wa taron da ya fara zafi, kar ka sa baki a siyasarsu ko rikicin addininsu ko a intanet ne, ka riƙe kwafin fasfo da izinin zama a jikinka kullum. Lambar gaggawa 112 ce. Ka kai sunanka ofishin jakadancin ƙasarku a New Delhi, ka shiga ƙungiyar ɗaliban ƙasarku ta garin. Harkar ƙwaya kuwa ko kusa, dokarsu ta NDPS ta 1985 tana da tsanani kuma beli a kanta wuya gare shi, ko ɗaki ɗaya kar ka haɗa da wanda baka san sana'arsa ba. Zirga zirga akwai metro a manyan birane, a na Delhi akwai taragon mata zalla, sai Uber da Ola, mai adaidaita kuma ku gama ciniki kafin ka hau.

Sabunta biza

Ka fara shiri wata biyu kafin ta ƙare: sabon bonafide, sakamakon jarabawa, shaidar ka biya kuɗin makaranta, Form C, duk ta e-FRRO. Makaranta bata ba mai bashi bonafide, to kaga jinkirin kuɗi daga gida kai tsaye yake taɓa biza, iyaye ku riƙe wannan. In fasfo ne zai mutu ka sabunta shi tun da sauran wata shida ko fiye. Wanda ya zarce wa'adi ba zai iya fita ba sai da takardar izinin fita da tara, ana iya sa shi a baƙin littafi, kuma sabuwar dokar baƙi ta 2025 ta tanadi ɗauri har shekara 3 ko tarar da ta kai lakh 3.

In an gama

Kar ka sayi tikiti sai takardu sun cika. Ka zagaya da fom ɗin no dues, wato shaidar ba a bin ka bashi, laburare da hostel da ofishin kuɗi kowa ya sa hannu, ka karɓi takardar makin kowace semesta, da tiranskirif, da satifiket na wucin gadi tunda na asalin sai an yi bikin yaye ɗalibai wanda ka iya ɗaukar watanni, da migration certificate wato takardar sallama don shiga wata jami'ar, da wasiƙar da ke cewa da Turanci aka koyar da kai. Ka tambayi ofishin jarabawa yadda za su aiko maka na asalin, ko ka bar wa amintacce wasiƙar izinin karɓa. Ka kai takardun a buga musu hatimin ma'aikatar harkokin wajen Indiya da na ofishin jakadancin ƙasarku tun kana can, daga gida yin wannan wahala ne da kashe kuɗi. Ka rufe akawun ɗin banki, ka karɓi ajiyar haya.

A Najeriya zaka kai takardun ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja a tantance su, sannan rajistar NYSC ta waɗanda suka yi karatu a waje, inda za a nemi fasfon da ka yi tafiya da shi mai ɗauke da biza da hatiman shiga da fita, da izinin zama, da WAEC ko NECO ɗinka. Saboda haka tsohon fasfo ko ya mutu kar ka yar da shi, haka duk wata takardar FRRO ta kowace shekara. Likitoci akwai jarabawar MDCN a gabansu, masu haɗa magani PCN, ma'aikatan jinya kuma hukumar jinya da ungozoma, kowacce ka shiga shafinta ka ga abin da take nema tun kana shekarar ƙarshe, don in akwai takardar da sai makarantarku ce za ta bayar ka karɓo ta kafin ka hau jirgi.